Basir: Daga Bakin Kogin Ganga Zuwa Tafkin Kalmalo



Maƙalar wannan mako ta faɗo kaina, na kuwa zaɓi maudu'in da na san wasu za su karanta suna kawar da kai. Ina neman afuwar iyayenmu da malamanmu da ke cikin wannan zaure, domin zan ambaci dubura da sunanta, in yi maganar basir ba tare da sakayawa ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda magabata a Indiya da Bagadaza da nan Sakkwato suka fahimci wannan sashe na jikin ɗan Adam, sannan mu ajiye fahimtarsu kusa da abin da likitocin yau suka gani da idonsu.

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Kalmalo ya ci kasuwar Illela ya san muryar da zan ambata. Tun kafin ka isa kara za ka ji lasifika a kan wata tsohuwar mota, mai magani yana jerowa: basir mai tsiro, basir mai jini, mai sa kumburin ciki, mai sa kasala da ciwon baya, mai kunyata maigida a gaban iyalinsa. Mutanenmu da 'yan uwanmu na Ƙonni suna miƙa naira da sefa, ana miƙo musu ƙulli ko gora. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara biyu yana cikin masu saye. Zan dawo kan labarinsa, domin shi ya sa na fara bin diddigin wannan kalma.

KALMAR KANTA

Basir baƙuwar kalma ce. Daga Larabci muka aro ta: basur, jam'inta bawasir. Ɗalibin hadisi ya san ta daga labarin sahabi Imrana bin Husaini (RA), wanda ya yi fama da wannan cuta har ya tambayi Manzon Allah (SAW) yadda zai yi salla, aka yi masa rangwamen yin ta a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. Labarin yana cikin Sahihul Bukhari. Wato tun farkon Musulunci ba a ɗauki cutar abin da ba a faɗa a gaban manya ba.

Akwai kuma kalmarmu ta gida, ɗan kanoma, wadda iyaye mata suka fi ambata idan yaro yana gudawa duburarsa ta yi ja ko ta leƙo waje. Da tafiya ta yi tafiya, sai kalmar basir ta zama buhu, kowa yana zuba abin da ya ga dama: jini, ƙaiƙayi, tsiro, tusa, kumburin ciki, raunin mazakuta. Wannan faɗin ma'ana shi ne ribar mai lasifika, kuma a cikinsa hatsarin yake ga mai ciwo.

ABIN DA SUSHRUTA YA GANI

Mu Hausawa mun fi sanin Indiya ta finafinai da turare da asibitocin da masu hali ke zuwa. Amma ƙasar tana da tsohon ilimin magani da ake kira Ayurbeda, kuma babban littafinsa na tiyata shi ne Sushruta Samhita. Ana jingina shi ga wani likita mai suna Sushruta da aka ce ya yi karatu a birnin Kashi, wato Banaras ta yau, a bakin kogin Ganga. An tara littafin a hankali cikin ƙarnuka masu yawa, ana ƙari ana gyara. Kwafinsa mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata yana Katmandu ta ƙasar Nepal, an rubuta shi a kan ganyen kaba a shekarar 878 Miladiyya.

Abin da ya bambanta Sushruta da yawancin likitocin zamanin da shi ne ya nace cewa mai son yin tiyata sai ya ga cikin jikin mutum da idonsa. Hanyar da ya bayar ita ce a naɗe gawa da ciyawa, a sa ta cikin keji, a nutsa a ruwa mai gudu har kwana bakwai, sannan a riƙa goge ta a hankali da tsintsiyar saiwoyi ana duba abin da ke bayyana, fata bayan fata. Wannan hanya tana nuna ƙashi da gaɓoɓi da manyan tsokoki. Amma nama mai laushi irin na hanji yana lalacewa a ruwa, ƙananan jijiyoyi kuwa ba sa ganuwa. A riƙe wannan, domin shi zai bayyana mana inda ya dace da inda ya gaza.

A littafin, sunan dubura guda. An ce tsawonta faɗin yatsa huɗu da rabi ne, wato kusan santimita 8 zuwa 9 a awon yau. A cikinta akwai ninki uku da ake kira bali, ɗaya a saman ɗaya, a murɗe kamar cikin ƙwaryar dodon koɗi, launinsu kamar dasashin giwa. Kowane ninki an ba shi suna daga aikinsa. Na can ciki shi ne Prabahini, mai turawa. Na tsakiya Bisarjani, mai saki. Na bakin ƙofa Sambarani, mai rufewa. Wani babban littafin nasu, Charaka Samhita, ya raba wurin gida biyu: guda ta sama inda bayan gida ke taruwa, da ta ƙasa inda yake fita.

Basir a wurinsu arsha ne, tsiron nama da ke fitowa a kan waɗannan ninki uku. Sushruta ya kasa shi gida shida bisa ga abin da suka ɗauka yana tafiyar da jiki: na iska, na zafin matsarmama, na majina, na jini, na haɗuwar ukun farko, da wanda aka haifi mutum da shi. Sun kuma yi hukunci da wurin da tsiron yake: na ninkin waje yana da sauƙin warkewa, na tsakiya da wuya, na can ciki kuwa sun ce ba ya jin magani.

Magani huɗu ya lissafa: na sha da shafawa, sai ƙonawa da ruwan toka mai ƙarfi, sai lalas da ƙarfe mai zafi, sai wuƙa. Ya bayyana wani bututu mai siffar nonon saniya, tsawon yatsa huɗu, na ƙarfe ko hauren giwa ko ƙaho ko itace, mai taga a gefe, wanda ake sakawa don a ga tsiron a kuma taɓa shi da magani ba tare da an ƙona lafiyayyen nama ba. Duk wanda aka taɓa dubawa a asibiti da ɗan bututun leƙen dubura zai gane jikan wannan kayan aiki.

Akwai wata cuta da ya ware daban, bagandara, wato maruru da ke fitowa a gefen dubura ya fashe ya bar wata ɓoyayyiyar hanya mai yoyon mugunya. Larabawa suna ce mata nasur. Sunayen da ya raɗa wa ire-irenta abin koyi ne ga marubuci: mai ƙofofi ɗari kamar rariya, mai siffar wuyan raƙumi, mai murɗewar dodon koɗi, mai yawan tsiyaya, da wadda wani abu mai kaifi kamar ƙashin da aka haɗiye ya huda. Bai je nesa neman suna ba, abin da ke gabansa ya duba. Ya kuma sanya dubura cikin wuraren da ya kira marma, inda rauni kan iya kashe mutum nan take, ya gargaɗi mai tiyata kada ya tsaga dukan hanyoyin mai ƙofofi da yawa a zama ɗaya.

DAGA BAGADAZA ZUWA SAKKWATO

Wannan ilimi bai tsaya a Indiya ba. A ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Halifa Haruna Rashid, waziran gidan Barmaki sun kawo likitocin Indiya Bagadaza, aka fassara littattafansu, har da na Sushruta, wanda Larabawa suka kira Susrud. A wajen shekarar 850 Aliyu bin Rabban al-Ɗabari ya kammala Firdausul Hikma, ya ware wani sashe a ƙarshensa don taƙaita likitancin Indiya. Al-Razi ma yana ambaton likitocin Indiya a babban kundinsa al-Hawi.

Duk da haka, ginshiƙin likitancin Larabawa daga Girkawa ya zo, daga Bukrata da Jalinus. A fahimtarsu jiki yana tafiya ne da ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u da sauda'u. Basir kuwa bakunan jijiyoyi ne da ke buɗewa don jiki ya zubar da jini mai kauri da sauda'u ta gurɓata. Saboda haka wasu suka ɗauki zubar jinin wani nau'in tsarkake jiki, har mabiya Bukrata suka ce in za a cire basir a bar guda ɗaya don mugun jini ya sami mafita. Idan ka ji dattijo a yau yana cewa a bar shi, mugun jini ne ke fita, to ra'ayin da ya haura shekara dubu biyu kake ji da bakin Bahaushe. A Andalus kuma Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rasu a wajen 1013, ya bayyana ɗaure basir da zare da yanke shi da yi masa lalas a cikin littafinsa al-Tasrif.

Ta hanyar ayari da aikin hajji littattafan ɗibbu suka iso ƙasar Hausa. Mu a Kalmalo tarihin jihadi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin ta garinmu ayarin hijirar Shehu Usmanu ya bi daga Degel zuwa Gudu a 1804. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne malaman wannan jama'a sun rubuta littattafan lafiya. Shehu Abdullahi na Gwandu yana da Masalihul Insan, wanda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa rasuwarsa a Wurno a 1837, ya fi kowa yawan rubutu a wannan fanni. Ya yi rubutu a kan ciwon ido, da ciwon ƙoda, da amfanin filasko wajen sassauta ciki. Ya kuma ware risala guda a kan magungunan basir, mai suna al-Ƙaulul Mansur fi Bayani Adwiyati Illatil Basur.

A tsaya a yi tunani. Mutumin da ke riƙe da daula, yana aika wasiƙu ga sarakunan Kano da Zazzau da Bauchi, yana gina ribaɗi, shi ne ya ɗauki alƙalami ya rubuta a kan cutar da mu a yau muke jin nauyin ambata a gaban likita. Kuma da Baturen Birtaniya Clapperton ya ziyarce shi a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a turo masa likita ya zauna a Sakkwato. Riƙe ilimin da ya gada bai hana shi neman wanda bai da shi ba.

Ba ina cewa Bello ya karanta Sushruta ba. Abin da nake cewa shi ne rijiyar da ya sha, ta likitancin Larabci, ruwan Girka da na Farisa da na Indiya duk sun zuba a cikinta. A gefen malamai kuma akwai wanzamai masu ƙaho da sakiya da tsaga, da masu saiwa da sassaƙe da suka san sabara da marke da hano da bagaruwa. Daga haɗuwar waɗannan ne fahimtar basir da muka taso da ita ta fito.

ABIN DA WUƘA DA MADUBI SUKA NUNA

Daga ƙarni na 16 likitocin Turai suka ƙara dagewa wajen feɗe gawa a bainar ɗalibai, suna zana abin da suka gani, na baya yana gyara kuskuren na gaba. Morgagni na jami'ar Padua a Italiya, wanda ya rasu a 1771, ya bayyana wasu ginshiƙai na tsaye a cikin dubura da har yau ake kira da sunansa. A 1830 John Houston na Dublin ya bayyana ninki na kwance a cikin ƙarshen hanji, waɗanda a yawancin mutane uku ne. A 1835 Frederick Salmon ya kafa asibitin St Mark's a Landan don cututtukan dubura kaɗai, kuma a can ne Milligan da Morgan suka bayyana aikin cire basir a 1937, aikin da har yanzu ake yi a asibitocinmu.

Ga hoton da aka samu a taƙaice. Ƙarshen babban hanji, inda bayan gida ke jira, tsawonsa santimita 12 zuwa 15 ne. Daga nan sai wata 'yar gajeriyar hanya ta kusan santimita 4 zuwa waje. Zoben tsoka biyu ne ke tsare da ita. Na ciki yana aiki da kansa dare da rana, ko kana barci. Na waje shi ne wanda kake matsewa da ganganci idan abu ya matsa maka a cikin mota ko a sahu. Akwai kuma wata tsoka mai kama da majanyi da ke janyo hanjin gaba ta lanƙwasa shi, ba ta sakinsa sai an tsuguna.

A tsakiyar gajeriyar hanyar akwai wani layi mai kama da haƙoran zarto, kuma shi ne mabuɗin fahimtar komai. Saman layin fatar hanji ce, ba ta jin zafin yanka. Ƙasansa fata ce mai jijiyoyin ji kamar ta yatsa. Shi ya sa basir na ciki kan zubar da jini ja wur ba tare da ciwo ba, amma 'yar tsaga ƙarama a bakin dubura sai ta sa ƙato kuka. Shi ya sa kuma likita kan iya ɗaure basir na ciki da ɗan zoben roba, dabarar da Barron ya yaɗa a 1963, mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. A kan wannan layi ne kuma ƙananan ƙofofin wasu ƙulluttai suke, waɗanda in sun toshe suka ruɓe sukan zama maruru, marurun ya zama yoyo. Alan Parks ya ƙarfafa wannan bayani a 1961, ya kuma kasa yoyon gida huɗu a 1976 bisa ga yadda hanyar ta ratsa zoben tsoka.

Sai a 1975 wani likita mai suna Thomson ya fito da binciken da ya sauya fahimtar basir. Ya nuna cewa kowane mutum, har jariri, yana da wasu gammaye uku na nama mai cike da jijiyoyin jini a cikin dubura: ɗaya a hagu, biyu a dama, gaba da baya. Aikinsu kamar na robar da ke cikin kan famfo ne, su ne ke ƙarasa toshe ƙofa don iska da ruwa kada su zurare. Cutar basir tana faruwa ne idan zaren da ke riƙe da gammayen ya saki saboda yawan yunƙuri, ko taurin bayan gida, ko juna biyu, ko tsufa, sai su kumbura, su yi jini, su zamo ƙasa. Likitoci sun kasa shi mataki huɗu: wanda bai leƙo ba, wanda ke leƙowa ya koma da kansa, wanda sai an mayar da hannu, da wanda ba ya komawa.

IDAN AKA JERA SU

Sushruta ya dace a manyan abubuwa. Ya gane cewa wurin yana da aiki uku, turawa da saki da rufewa, kuma likitan yau ba zai musa ba. Ya gane cewa zurfin ciwo yana da nasaba da wuyar magani. Ya gane hatsarin yanka ba lissafi, domin wanda aka datse masa zoben tsoka zai iya rasa ikon riƙe bayan gida har ƙarshen rayuwarsa.

Amma ninkinsa uku ba su faɗa daidai kan wani abu guda a taswirar yau ba. Wasu malaman Ayurbeda na zamani suna cewa biyu na sama su ne ninkin Houston, na ƙasa kuma zoben tsoka. Wasu suna cewa dukansu sassan tsoka ne. Saɓanin nasu ya isa ya nuna cewa ana ƙoƙarin sa wa tsohuwar kalma rigar da ba don ita aka ɗinka ba. Awonsa na yatsa huɗu da rabi ya haɗa gajeriyar hanyar da wani yanki na ƙarshen hanji, abin da yau ake rabawa. Bai ambaci layi mai haƙora ba, bai san zagayawar jini yadda William Harvey ya bayyana a 1628 ba, bai kuma san ƙwayoyin cuta ba. Tsiron can ciki da suka ce ba ya warkewa, likitan yau zai so ya ɗebi ɗan namansa ya duba a madubin ƙara girma kafin ya kira shi basir.

Mu ma namu a auna shi haka. Maganar da ake yi cewa babu wanda ba shi da basir, sai dai na wani ya fi na wani tashi, ta yi kusa da abin da Thomson ya gano, in dai an fahimci cewa gammayen halitta ne, ba a neman maganinsu sai sun kawo damuwa. Zama cikin ruwan ɗumi yana sassauta ciwo. Bagaruwa tana da sinadarin da ke tsuke nama, wanda shi ne majema ke amfani da shi wajen jimar fatar jar akuyar Sakkwato. Filasko yana sassauta ciki, ko da yake yawan shansa yana jawo murɗa da gudawa. Batun abinci ma akwai ƙamshin gaskiya. Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Uganda, ya yi ta jayayya a shekarun 1970 cewa abinci mai dusa da ganye ne ke kare mutanen karkarar Afirka daga irin waɗannan cututtuka, kuma gwaje-gwajen baya sun nuna cewa irin wannan abinci yana rage jini da damuwar basir. Tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale da rama sun fi burodi da taliya da farar shinkafa alheri a nan.

Inda muka kauce shi ne ɗora wa basir abin da ba nasa ba. Gammayen dubura ba su ne ke tafiyar da ƙarfin namiji ba, kuma mai wannan damuwa ya fi buƙatar a auna masa suga da hawan jini. Fitar baya ga yaro yawanci tana biyo bayan doguwar gudawa da tamowa da tsutsar ciki. Jini kuma yana iya zama na atini, ko na tsargiyar hanji ga masu shiga ruwan tafki da fadama, ko na tsaga, ko na daji.

ZAREN DA AKA GWADA

Akwai darasi a yadda Indiya ta yi da wani maganinta na gargajiya. Tsofaffin littattafansu sun ambaci zare mai magani da ake zurawa ta hanyar yoyo a ɗaure, ya riƙa yanka a hankali yana warkarwa a bayansa. Sunansa ksharasutra. A shekarun 1960 Farfesa Deshpande na Jami'ar Banaras ya farfaɗo da shi, ya daidaita yadda ake haɗa shi: ana shafa wa zaren ƙaron wata bishiya 'yar uwar aguwa da muke shinge da ita, da tokar ƙaimin ƙadangare, da kurkum, shafi 21. Daga nan hukumar binciken lafiya ta Indiya ta gwada shi a asibitoci da dama a kan mutum 502, aka raba su biyu, aka buga sakamakon a 1991. Masu zare sun fi daɗewa kafin su warke, mako takwas a kan mako huɗu na masu tiyata. Amma ciwon ya dawo wa kashi 4 cikin ɗari na masu zare, a kan kashi 11 na masu tiyata.

Sun kai abin gadonsu gaban alƙalin da zai iya cewa a'a, suka karɓi hukunci da daɗinsa da ɗacinsa. Wannan ne ya kamata mu nema wa sabara da marke. A sani kuma cewa lambar NAFDAC da ke jikin gorar maganin gargajiya, in ma ta gaskiya ce, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka jera a takardar.

KAWUNA

Kawuna manomin rani ne. Da ya fara ganin jini ya ce basir ne, kowa ya ce basir ne. Ya sha jiƙo, ya sha gari a kunu, ya daina shan zaƙi da cin maiƙo. Wani lokaci jinin ya ɗauke, a yaba wa mai magani, sai ya dawo, a ce ai ya karya doka. A shekara ta biyu wandonsa ya fara yi masa yawa, yana zagawa sau da yawa ba ya jin ya gama. Da ƙyar muka shawo kansa zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Likitan, wanda bai wuce sa'ar ɗansa ba, ya sa safar hannu ya duba shi da yatsa, binciken da bai kai minti biyu ba. Da ya cire safar ya ce, "Baba, tun yaushe kake ganin jinin nan?" Kawu ya ce damina biyu. Likitan ya yi shiru. Awon nama ya tabbatar da daji ne, kuma ya riga ya bazu. Bai kai wata damina ba.

Kwana ya ƙare, mun yarda da ƙaddara. Amma a cikin shekara biyun nan babu wanda ya duba wurin, daga mai magani har mu 'yan uwansa da muke sayo masa. Sushruta da bututunsa na ƙaho da ya duba.

Saboda haka in mutum ya ga jini, musamman wanda ya haura arba'in, ko jinin ya gauraya da bayan gida, ko yana rama, ko yanayin zagawarsa ya sauya ya ƙi komawa, ko akwai mai irin wannan daji a danginsa, to ya je a duba shi. Babban asibitin Illela yana kusa, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Sakkwato, 'yan uwanmu na tsallaken iyaka kuma sun san hanyar Galmi. Mace tana da damar neman mace ta duba ta. Kada kuma a yarda wani ya yanke ko ya ƙona tsiro a zaure.

GARE MU MARUBUTA

Na karanta littattafanmu na hikaya da yawa, kuma kusan duk Alhajin da zai kwanta ciwo hawan jini ne ko ciwon zuciya. Ban cika ganin direban da ke zama a karkace daga Illela zuwa Legas ba, ko mai jegon da ke tsoron shiga bayi, ko magidancin da ke ɓoye wandonsa kada matarsa ta ga jini. Waɗannan mutane suna cikin gidajenmu, kuma labarinsu yana da kunya da tsoro da soyayya da asarar dukiya, duk abin da hikaya ke buƙata. Ana iya rubuta shi da ladabi, kamar yadda malaman fiƙihu suka rubuta babin tsarki.

Ga masu rubutun tarihi kuma, a guji gaggawar cewa magabata sun riga sun san komai, a kuma guji cewa ba su san komai ba. A tambayi me suka gani, da wane kayan aiki suka gani, me ya tsare musu gani. Risalolin Sarkin Musulmi Bello na magani suna cikin rubuce-rubucen da aka adana a wurare irin su Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. A cikinmu akwai masu Larabci, akwai ɗaliban likitanci. Da mutum biyu za su haɗu su fassara risalar basir zuwa Hausa, ɗaya ya warware lafazi, ɗaya ya yi sharhi da ilimin yau, da sun yi aikin da za a daɗe ana amfana da shi.

Wanda ya san yadda ake amfani da kalmar ɗan kanoma a garinsu, ko ya ga gyara a abin da na kawo, ina sauraro. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.

Wassalam, daga Kalmalo.